Kumfar da ke Faranti na Bakwai

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku kwana tara. Wasu sun turo suna tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace su ba, wata ma cewa ta yi in tsutsotsin ne suka cinye ni a sanar da su su zo gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Abin da ya hana ni rubutu shi ne na rasa yadda zan ba da labarin nan ba tare da na fito a mai laifi ba. Na juya shi ta kowace fuska ban samu ba. To ga shi nan yadda yake.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, ni ɗaliba ce, shekarata ta uku ke nan ina fama da digirin digirgir, aikina kuma kallon ƙwan tsutsa. Ba tanar da ke fitowa bayan ruwan sama ba, ba kuma ta ciki ba. Wannan da ƙyar ido ke ganinta, jikinta garau kamar gilashi, in ka sa ta a madubin likita har ƙwayayen da ke jere a cikinta kana gani. A ƙananan farantan roba masu murfi muke kiwonta, a kan wani daskararren abu mai santsi da mu muke dafawa mu zuba da hannunmu.

Ƙwan yakan fara ne da ƙwayar halitta guda ɗaya tal. Sai ta tsage biyu, kuma ba daidai take tsagewa ba, ɗaya babba ɗaya ƙarama. In aka yi rashin sa'a suka fito kai ɗaya, to wannan ƙwan ba zai zama komai ba. Ranar da na yi wa Umma wannan bayani, ajiye wuƙar hannunta ta yi ta ce, "Ikon Allah. Ashe ko a tsutsa sai da babba da ƙarami." Ta juya ta kalli Auta. "Kin dai ji da kunnenki."

Akwai wani sinadarin gado da nake zargin yana da hannu a wannan rabo. Sai in ba wa iyayen wani abinci da ke kashe aikinsa, in ƙirga ƙwai nawa cikin hamsin suka rabu kai ɗaya. Matsalar ita ce jinsin da muke aiki da shi dama yana da rauni, ko ba a ba shi komai ba wasu ƙwayayen kan lalace. Dole sai an gwada da waɗanda suka ci abincin yau da kullum.

A nan dokar ɗakin gwajinmu ta shigo. Farfesa, wadda ke duba aikina, takan ce ido ma yana da son zuciya, abin da kake so ka gani shi zai nuna maka. Saboda haka mai ƙirga ba ya sanin abin da yake ƙirgawa. Zan haɗa faranti goma sha biyu, shida da abincin nan mai magani, shida babu. In miƙa wa wani. Shi zai goge rubutuna, ya cakuɗa su, ya sa musu lamba ɗaya zuwa sha biyu, ya naɗe bakin kowanne da leda, ya rubuta wanne ne wanne a takarda ya ɓoye. Wannan takarda muke kira makulli. Sai na gama ƙirga na tura masa lambobina, sannan ya fito da ita.

Shekara biyu wata babbar ɗaliba ce ke riƙe mini makulli, kuma shekara biyun nan sakamakona a hargitse yake fitowa. Yau masu magani su fi, gobe marasa magani su fi. Na yi kuka a bayan firji har mai shara ta san wurin zamana. Da ta gama karatunta ta tafi, sai makullina ya koma hannun Alƙali.

Kun san shi, amma bari in maimaita. Shi ne babban mai bincike a ƙarƙashin Farfesa. Dogo, mara hayaniya, farar rigar aikinsa kullum a goge har da kari a hannu. Sunan ya samo asali ne ranar da ya sa Farfesa da kanta ta sake ƙirga faranti huɗu saboda ta leƙa rubutun gindinsu. Ba wanda ya taɓa jin ya ce "kusan" ko "wajen". In ka tambaye shi lokaci sai ya gaya maka har da minti.

Mu masu wannan aiki da gashin ido muke ɗaukar ƙwai. Mukan manna sili ɗaya a kan tsinken sakace da jan farce, don ba abin da ya kai shi laushi. Wata safiya nawa ya karye, ina tsaye gaban tagar gilashi ina ƙoƙarin tsige wani, ido duk ya yi ja. Sai na ji an ajiye abu a gefena. Tsinke ne, an riga an manna.

"Nawa sun fi naki tsawo," ya ce, bai ko kalle ni ba. "Ki bar naki, suna da wani amfanin."

Daga nan soyayya ta fara. Wata takwas ke nan. Har yau da gashin idonsa nake aiki.

Tun da ya karɓi makullina, gwaji uku na yi, kuma duka ukun sun fito tas. Farantai shidan da suka fi yawan lalatattun ƙwai, su ne shidan da ke da magani. Ba ko ɗaya da ya yi kuskuren layi. Farfesa ta cire gilashinta ta ce, "Yarinya, kin samu. Ki ƙara ɗaya mu rubuta." Ranar da na dawo gida sai da na rungume Umma a bakin ƙofa har ta ce in sake ta kada in karya mata ƙugu.

To yanzu ga abin da ban gaya wa kowa ba.

A gwaji na uku, lokacin da nake zuba farantan marasa magani, hannuna ya ɗan girgiza, kumfa ta fito a ɗaya daga ciki. Manya biyu da ƙarama ɗaya a gefe, sun daskare a haka kamar sawun kyanwa. Kamata ya yi in jefar da shi. Ban jefar ba, don na gaji kuma saura babu. Bayan kwana biyu ina ƙirga, na kwance ledar faranti na bakwai, sai ga sawun kyanwa yana kallona.

Doka ta ce in tashi nan take in ce na gane faranti, a soke gwajin. Sati biyu na aiki ke nan a banza. Na waiga, ba kowa. Na ce a raina ai ni mai gaskiya ce, sanin ba zai canza mini ido ba. Na ƙirga. Ashirin da tara cikin hamsin, na biyu a yawa. Faranti mara magani bai kamata ya kai haka ba. Na tura lambobin ina jiran baƙin labari.

Da makulli ya zo, an rubuta da kyakkyawan rubutun nan nasa: bakwai, mai magani.

Na yi murna tare da kowa, kar in yi muku ƙarya. Sai da na hau motar komawa gida abin ya dawo mini. Washegari da sassafe na wuce kai tsaye wurin da na bar farantan, don ko an goge rubutu akwai gwajin da zai nuna abincin da ke ciki. Wayam.

"Ina farantaina na jiya?"

Yana gaban madubi, bai ɗago ba. "Na sa su a tukunyar tururi tare da nawa. Na ga kin gaji."

"Da wuri haka?"

"Ƙarfe biyar da minti goma. Akwai matsala ne, Daktata?"

"Babu."

Dama haka ake yi da tsofaffin farantai, a dafa su a zubar. Sai dai ni ban taɓa ganin an dafa su tun ba su kwana ba.

Daga ranar na zama wata iri. In ya yi murmushi sai in ce me yake rufewa. In ya turo saƙon "kin isa gida lafiya?" sai in tsaya ina karanta shi kamar takardar kotu. Wani lokacin kuma in juya kan kaina. Wa ya ce a jerin marasa magani kumfar take? Faranti nawa na zuba a shekara uku, dubu nawa? Ko ni ce zuciyata ta saba da baƙin ciki har ba ta iya karɓar alheri? Kuma ko da gaskiyata ce, ta ina zan fara? In ce masa na san ka canza na bakwai, ya ce ta yaya kika sani, in ce saboda na gane shi na yi shiru? Laifina ne kaɗai shaidar laifinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na gane inda dokar take da rami. An gina ta ne don a tsare mai ƙirga. Ba wanda ya taɓa tunanin mai riƙe da makulli zai damu da yadda sakamako zai fito. Me zai samu? Sai fa in yana son mai ƙirgar, kuma ya taɓa iske ta tana kuka a bayan firji.

A gida kuwa wuta ake hura mini. Ranar Lahadi ina ninke kaya a ɗakinmu, Umma ta shigo ta zauna a bakin gado, ta ɗauki mayafina ruwan toka tana duba inda zare ya fara fita.

"Kawun mutumin nan naki na wurin aiki ya sake kiran Babanku. Yana so ya zo ranar Asabar."

"Umma, ai na ce a ɗan ƙara mini lokaci."

"Lokacin me? Wata takwas. Ko ciki ne ai ya kusa fitowa. In ba kya so ki faɗa, ba mai ɗaure ki. Amma a bar bawan Allah yana sintiri kamar mai gadin gidan nan, wannan ba tarbiyyarmu ba ce."

Auta na kwance tana danna waya, ta ce, "Umma ki ƙyale ta, sai ta sa shi a madubi ta ƙirga shi tukuna. Uwar tsutsa ke nan."

"Ke kuma da bakinki kamar rediyon da ya lalace," na ce, na jefa mata matashi.

Umma ba ta yi dariya ba. "Ya yi miki wani abu ne?"

Me zan ce? Ina zargin ya taimake ni?

"Umma, in mutum ya yi ƙarya don ya faranta miki rai, mutumin kirki ne ko na banza?"

Ta murza bakin mayafin. "Babanku ya shekara ashirin yana cewa shayina ya fi na kowa, alhali na san sukari yake ƙarawa in na juya baya. Wannan kike nufi?"

"Ta fi wannan girma."

"To ki fara tabbatarwa ya yi ta. Zargi ma zunubi ne, 'yar nan." Ta miƙe. A bakin ƙofa ta waigo. "Babanku ya ce ranar Juma'a bayan la'asar yana son amsa, i ko a'a, don ya san abin da zai gaya wa mutane."

Ki fara tabbatarwa. Da ta san abin da maganarta za ta haifar da ba ta faɗa ba.

Ranar Litinin na gwada shi da baki. Muna cin biskit a barandar ɗakin gwaji, na ce, "Wai ba ka taɓa jin sha'awar gyara wa wani makulli ba? Ka ga mutum ya wahala, lamba ɗaya ce kawai ta ɓata masa."

Ya tauna, ya haɗiye, ya karkaɗe hannunsa. "Me ya kawo wannan tambayar?"

"Hira ce."

"Wanda ya yi haka ya kashe wanda yake so ya taimaka, sai dai a hankali." Ya dube ni. "Kin rame. Kina barci kuwa?"

Amsar ta yi kyau. Ta yi kyau da yawa, kamar sakamakona. Kuma na lura bai ce a'a ba.

A daidai lokacin ne gwaji na huɗu ya zo, wanda Farfesa ke jira. Ranar Laraba na miƙa masa faranti goma sha biyu, na duba su ɗaya bayan ɗaya, ba kumfa ba tabo. Ya goge, ya sa lamba, ya naɗe su da ledarsa. Yana da yadda yake naɗi, yakan lanƙwasa ƙarshen ledar ya bar ɗan kunne don a ji daɗin kwancewa. Ya jera su a akwatin ɗumi, a shiryayye na biyu.

Ranar Juma'a ce ranar ƙirga. Da safe ya tafi wani taro a ɗaya ginin. Na zauna a teburina, madubi a rufe da rigarsa, tsinken gashin idonsa a gabana. Ban je akwatin ɗumi ba. Na yayyaga takarda gida goma sha biyu, na rubuta lamba a kowacce, na zuba a kofin shayina na girgiza. Shida na farko da na zaro na ba su manyan lambobi, talatin da ɗaya, ashirin da bakwai, irin haka. Sauran na ba su ƙanana. Duk daga kaina.

Na yi lissafi. In makullinsa na gaskiya ne, ba yadda za a yi ya dace da abin da kofin shayi ya zaɓa, sai dai sau ɗaya cikin ɗari tara da ashirin da huɗu. Zai fito a hargitse, in ce masa wasa nake, in ba shi haƙuri, in je in ƙirga na gaske, in dawo gida in ce wa Baba i. Wallahi abin da nake roƙo ke nan. Ban taɓa addu'ar sakamako ya lalace ba sai ranar.

Ƙarfe biyu da rabi na tura.

Ina turawa Umma ta kira, wai in taho yanzu, Baba ya dawo da wuri. Na ce a raina zan biya ta akwatin ɗumi in kwashe farantan in ɓoye a ƙasan teburina. Sai ga Farfesa a bakin ƙofa tana tambayata wata takarda. Kafin in rabu da ita abin ya fice mini. Na ɗauki jaka na fita.

A gida na yi wanka, na sa doguwar rigata shuɗiya mai ɗinkin zare a wuya, wadda Baba ya taɓa cewa ina kama da mahaifiyarsa a cikinta. Auta ta leƙo ta ce, "Oh, yau amsar mai daɗi ce ke nan." Na zauna a bakin gado, waya a cinya, fuskarta a kife. Ina jin Baba a falo yana gyaran murya, yana juya cokali a kofi. Na ce a raina yanzu haka sukarin yake ƙarawa.

Ƙarfe huɗu da minti goma wayar ta yi motsi.

Hoton takarda ne, rubutunsa, layi goma sha biyu a miƙe kamar an sa ma'auni. Na ɗauko 'yan takarduna shida daga jaka na jera su a kan zanin gado. Biyu. Mai magani. Biyar. Mai magani. Shida, takwas, tara. Na rufe ta ƙarshe da tafin hannu na daɗe ban ɗaga ba. Sha ɗaya.

Mai magani.

A ƙasa ya rubuta: "Shida cikin shida. Alhamdulillah, Daktata. Wahalarki ba ta tafi a banza ba."

Ban yi kuka ba. Ba aurena kaɗai nake kallo a kan zanin gadon nan ba, har da gwaji uku da Farfesa ta cire gilashi a kansu, da shekara uku na rayuwata. Kuma duk da haka, ku yarda ko kar ku yarda, wani ɓangare na zuciyata cewa yake, dubi irin son da yake miki, mutumin da ya sa Farfesa ta sake ƙirga ya sayar da sunansa saboda ke. Na tsani wannan ɓangaren, amma ina jinsa.

"Mamana!" Baba ya kira daga falo. Haka yake kirana. "Ko sai na aiko da mota?"

"Ga ni nan, Baba."

Na miƙe, na gyara mayafi. Aƙalla yanzu na san inda na tsaya, ni ce mai gaskiya, shi ne mai laifi. Na kai hannu ga ƙofa ke nan wayar ta sake motsi. Saƙo biyu a jere.

Na farko: "Don murna na tura wa Farfesa saƙonki yadda yake tun ɗazu, ta ce Litinin za a fara rubutu."

Na biyu, bayan minti ɗaya, hoto ne. Shiryayye na biyu a akwatin ɗumi. Faranti goma sha biyu a jere, kowanne da ledarsa, kowace leda da ɗan kunnenta a lanƙwashe yadda ya bar shi ranar Laraba.

"Na zo kwashe su in dafa miki. Ba a buɗe ko ɗaya ba. A ina kika samo lambobin nan?"

Na tsaya riƙe da hannun ƙofa. Lambobin ƙarya suna wayar Farfesa da sunana a kai. Makullin ƙarya yana wayata da rubutunsa. Shi ya san nawa, ni na san nasa, kuma a yanzu haka yana can tsaye gaban akwatin nan yana gane abin da dacewar shidan take nufi. Na ga alamar yana rubutu. Ta tsaya. Ta dawo. Ta sake tsayawa.

Na shiga falo. Baba na zaune a kujerarsa da kofi a hannu, Umma a gefe ta naɗe hannuwa, Auta ta laɓe a bayan labule ƙafafunta a waje. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ajiye kofin, ya yi mini murmushin nan nasa.

"To Mamana, ba dogon zance. Ni tambaya ɗaya nake yi a kan kowane namiji, kuma ke kika fi kowa saninsa, tunda kullum kuna tare a wurin aiki. Yaron nan, mai gaskiya ne?"

Wayar ta fara ruri a cikin tafin hannuna. Baba ya leƙo ya ga sunan da ke kai.

"Ah, ga shi ma. Ɗauka mana, ki sa a fili mu gaisa."